Kafin Ki Sa Reza a Fallayen Mamanki

Harlem, New York
Agusta, 2016

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata Hauwa, wadda bakina ba ya iya kiran sunanta kai tsaye don sunan mahaifiyata ne. Uwata, ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Buffalo lafiya, kin shiga ɗakinki, kin ci abinci mai zafi ba biskit ba. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a asibitin da za ki fara aiki.

Da Hausa na rubuta, kuma da gangan. Na san za ki karanta kina motsa leɓe kamar 'yar aji ɗaya, wata kalmar ma sai kin tsaya kin yi ta juya ta. Haka nake so. Da Turanci ne da kin share ta da ido kin ce "Okay Baba", ni kuwa maganar da ke bakina ba ta gaggawa ba ce.

Kin ga inda kika tsinci takardar: cikin ƙaramin akwatin nan mai ruwan toka, a kan fallayen bargon da mamanki ta fara. Niyyata gobe da safe in cusa akwatin a bayan mota, ƙarƙashin manyan jakunkunanki, ba tare da kin gani ba, domin in na miƙa miki hannu da hannu ban san abin da fuskata za ta yi ba. Juma'ar da ta wuce kin roƙe ni su, na hana ki, har na ɗaga murya. Kika tsaya a ƙofar kicin, kika harhaɗa Hausarki da ƙyar, kika ce, "Baba, Mama ba ta ɗinka su don a ɓoye a closet ba." Na ɗauki hulata na tafi shago. Amma maganar ta bi ni har can, wuyan riga ɗaya sai da na ɗinka na farke, na sake ɗinkawa na sake farkewa. Gaskiyarki ce. To ga su nan, duka ashirin. Sai dai kafin ki sa musu reza ki saurari abin da ya sa nake tsoro. Uku daga cikinsu da hannuna na ɓata, ban taɓa gaya miki ba. Yadin nan kuma babu irinsa a ko'ina, in aka yanke shi ke nan.

Kina 'yar sha huɗu lokacin da abin ya fara, hankalinki na kan ƙawaye, ban tsammani kin riƙe farkonsa ba. Mamanki ta haɗu da Mis Loreta, tsohuwar nan ta hawa na biyu, a ɗakin wanki na ƙasa. Tsohuwa ta ciro wani bargo daga injin busarwa, an haɗa shi da ƙananan ƙyallaye, taurari jere reras, ta ce kakarta ce ta koya mata a can Karolina. Turancin mamanki bai wuce na shagon kitso ba, amma suka fahimci juna. Daga ranar, duk Lahadi da yamma in tsohuwa ta dawo daga coci, sai mamanki ta sauka da ledar ƙyallaye. Wasu daga shagona take kwasowa, wasu kuwa zannuwanta ne na cikin akwati.

Na yi mata tsiya ba kaɗan ba. Na ce, "Yau ga abin kunya, matar tela ta tafi koyon ɗinki gidan maƙwabta. Kuma wane irin ɗinki ne wannan, a sami zane lafiyayye a yayyanka shi, sannan a zauna ana haɗawa?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Malam, kai kana ɗinka wa mutane abin da za su sa su cire. Ni abin da yarinyar nan za ta lulluɓa da shi nake yi, ranar da ba na kusa da ita."

Na ce, "To, Allah Ya ba da sa'a." Na ɗauka ranar aurenki take nufi, ita ma ina jin hakan take nufi.

Ki baje su a kan gado ki duba. Kowane falle murabba'i ne, da tauraro mai tsini takwas a tsakiya. Koren nan atamfar da ta sauka da ita a filin jirgin JFK ce, ina tsaye da rigar sanyi a hannu ina jiranta, ta fito da silifas a watan Janairu. Mai ɗigo-ɗigon zanen goyonki ne. Akwai shuɗin yunifom ɗinki, akwai farar shaddar da na yi ta nema a shago har na zargi abokin aikina. Ta ɗinka ashirin ɗin cif, sannan ciwo ya ci ƙarfinta. Abin da ya rage shi ne a datse gefensu su zama daidai wa daida kafin a haɗa su. Aikin hannu ne, dole wani ya ɗara wani, wani ya ɗan karkace. In aka haɗa su a haka bargon zai tattare, kusurwa ba za ta sami kusurwa ba.

Bayan rasuwarta da 'yan watanni na ɗauki akwatin na tafi da shi shago. Na ce a raina, ni da na shekara talatin a kan keke, tun daga Maraɗi har Kano har nan, datse gefen ƙyalle ne zai gagare ni? Sau da yawa na ji ta tana cewa "inci sha biyu, inci sha biyu". Sai na ɗauki koren, na auna sha biyu cif, na ja alli, na bi da almakashi. Ina ɗaga hannu na gane ɓarnar da na yi. Sha biyun da take faɗa girman falle ne bayan an haɗa shi da 'yan'uwansa. Kafin a haɗa, sha biyu da rabi ne, don ɗinki zai ci kwata a kowane gefe. Ni da nake bar wa kowace riga rara, na manta in bar wa tauraron matata. Yanzu tsininsa na daidai bakin yadi, duk ranar da aka ɗinka shi ɗinkin zai haɗiye su.

Uwata, abin da kika ji da gefen kunne ba sani ba ne. A asibiti za ki ji manyan ma'aikata suna jefa magana a gajarce, su sun san sauran, ke ba ki sani ba tukuna. Ki tsaya ki ce a maimaita miki. In sun yi miki kallon baƙauya ki bar su su yi, matambayi ba ya ɓata. Ni hawa biyu kawai zan sauka in ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwa, girman kai ya hana ni. Ƙyalle na yanka. Ke kuwa mutane za a sa a hannunki.

Da mai hankali ne da ya tsaya a nan. Ni sai na ce ai yanzu na gane, na jawo na biyu, mai zanen goyonki. Wannan karon na auna sha biyu da rabi. Amma na auna shi awon tela: mu daga bakin yadi muke farawa, mu miƙa tef, abin da ya yi saura a ɗaya gefen mu yanke. Haka na yi. Duk rarar na cire ta daga dama da ƙasa, ban taɓa hagu da sama ba. Girma ya fito daidai, ko malamin lissafi ba zai ce komai ba, amma tauraron ya bar tsakiya ya koma gefe kamar hular da aka karkata. Ashe wannan aikin daga tsakiya ake fara shi. A tsayar da tauraro inda ya dace, sannan a rage kaɗan nan, kaɗan can, duka gefe huɗu.

Wannan kuskuren na daɗe ina yin sa kafin ya iso kan yadi. Da na zo ƙasar nan lokaci ba ya isa, dole a rage wani abu, ni kuma kullum daga ɓangaren gida nake ragewa. Mai riga ba ya jira, ku kuwa kuna jira, shi ya sa ku nake yanka. Ranar da kika karɓi kyauta a makaranta ina shago ina fama da ankon bikin wasu da ko sunansu ban riƙe ba. Mamanki ta dawo ta ajiye takardar kyautar a kan kekena, ta juya ta tafi, da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ke ma lokaci ba zai ishe ki ba, na ji yadda aikinku yake, a shiga da duhu a fito da duhu. In ragewa ta zama dole, ki rage kaɗan daga hira, kaɗan daga wayar nan da ba kya ajiyewa, kaɗan daga ƙarin aikin da za a roƙe ki. Kada ki kwashe duka daga barcinki, ko daga sallarki, don kawai su ba sa ƙorafi.

Na uku shi ne wanda har yau ba na son ɗaukarsa. Mai ruwan ɗorawa, za ki gane shi. Shi ne na ƙarshe da ta ɗinka, a kan gado, lokacin hannunta ya fara rawa. Ɗinkin ya ci yadi fiye da ƙima, sai fallen ya fito ƙarami, bai kai sauran ba da kusan rabin inci. Babu abin datsewa a jikinsa, shi ne ma ke neman ƙari. Na ce ai yadi yana miƙewa. Na fesa masa ruwa, na ja nan na ja can, na danne da dutsen guga mai tururi har ya kai awo. Na ji daɗi, na je na yi la'asar. Ina dawowa na tarar ya bushe ya kanannaɗe, gefensa ya yi tudu da kwari, zare ya tsinke a wuri ɗaya. Zarenta ne, wanda ta zura da hannun nan mai rawa. Na zauna a kan kujerar keke na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'iza.

Ranar na sauka hawa na biyu da guda ukun a leda. Mis Loreta ta sa tabarau, ta baje su a teburin cin abincinta, ta daɗe tana kallo. Da Turanci muka yi, amma ga abin da aka ce.

Ta ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni ne."

Ta ce, "Kai ɗin da aka ce tela ne?"

Na ce, "Ni ɗin dai."

Ta ce, "Ubangiji Ya yi mana jinƙai. Zauna, Mista Isuhu."

Ta ɗauki mai ruwan ɗorawan ta shafa shi da tafin hannu, ta ce, "Ƙaramin falle ba a jan sa. Ana yanko siririn yadi a kewaye shi da shi, ya kai 'yan'uwansa ba tare da ya sha wahala ba. Ita ta san ya yi ƙarami, ta ce mini za ta ƙara masa in ta ji sauƙi." Daga nan ta tashi da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara, ta ɗauko rula mai faɗi da reza mai taya da koren faifan da ake yanka a kansa. Kayan mamanki ne, a wurin tsohuwar take barin su don kada in gani in yi mata dariya. Ta sa ni na yi ta gwaji a kan tsohon zanen gado har na iya. Da zan fita ta ce, "Yanzu ka iya. Amma kada ka ƙara taɓa su sai ranar da za ka iya kallonsu ido a bushe. In ranar ba ta zo ba, ka bar wa yarinyar."

Uwata, ke ma na ja ki. Kina 'yar sha bakwai na mai da ke uwar gida, ke ce girki, ke ce karanta takardun asibiti da na haya, ke ce amsa wayar masu ta'aziyya, kuma in na ga idonki ya cika in ce ki yi haƙuri, babba ba ya kuka. Kin kai awon da na nema, kowa na yabo, ana cewa Isuhu ya yi sa'ar 'ya. Amma na ga yadda kika daina dariya da ƙarfi, na yi kamar ban gani ba. Ki yafe mini. Inda za ki je, in kin ga ba ki kai ba, kada ki ja kanki har zare ya tsinke. Ki buɗe baki ki ce a taimaka miki, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma in wata rana aka sa wani a ƙarƙashinki ya gaza, ki duba abin da za a ƙara masa kafin ki fara ja.

To ga yadda ake yi, kamar yadda tsohuwa ta koya mini, ki bi shi daki-daki. Rular da rezar da faifan ta ba ni su, na haɗo miki su da akwatin. Ki zaɓi ranar da ba ki da aiki kuma kin yi barci. Ki fara goge su duka, amma danna dutsen za ki yi ki ɗaga, kada ki goga shi gaba da baya, yana miƙar da yadi. Sannan ki auna su duka, ɗaya bayan ɗaya, kafin ki yanka ko guda. Mu teloli muna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan aikin ki riƙe rabin farko ki bar na biyu. Ki ɗora rular a kan falle, layin da ya ratsa ta daga kusurwa zuwa kusurwa ya bi ta tsakiyar tauraro. Ki duba kowane tsini ki tabbata akwai kwatan inci tsakaninsa da inda za ki yanka. In kin gamsu, ki danne rular da tafin hannu, ki janye yatsunki daga bakinta, ki yanke dama da sama. Ki juya fallen, ki daidaita gefen da kika yanka da layin sha biyu da rabi, ki yanke sauran biyun. A tsaye ake yi, kuma reza gaba ake tura ta, ba a jawo ta wajen ciki. Na sa miki sabon baki a jikinta, yana da kaifi ƙwarai, ki riƙa rufe shi duk lokacin da kika ajiye. Yatsun nan na ma'aikaciyar jinya ne yanzu, ba naki ke kaɗai ba.

In kin gaji ki tsaya, ko da guda biyu kika yi. Sun jira shekara biyar, za su jira wani satin. In wani abu ya shige miki duhu ki kira Mis Loreta, kunnenta ya yi nauyi, sai kin ɗaga murya, amma kanta garau yake. Kada ki kira ni a kan wannan, kin dai ga aikina.

Guda ukun da na ɓata suna ƙasa, na naɗe su daban a farin ƙyalle. Mai ruwan ɗorawan na gyara zaren da ya tsinke, sauran na bar miki, ki kewaye shi da siririn yadi kamar yadda ta yi niyya. Koren ma haka za ki ƙara masa, ko da yake tsininsa sun tafi. Ina roƙonki kada ki fitar da su daga bargon don sun yi muni. Ki sa su ta wajen ƙafa. In wata ƙawarki ta ga tauraro a karkace ta tambaya, ki ce aikin babana ne, babban tela a Harlem.

Saura gaskiyar ƙarshe, tunda na fara. Ba tsoron ki ɓata su kaɗai ya sa na yi miki tsawa ba. Kin fi ni natsuwa, hannunki irin nata ne. Abin da ke akwai shi ne, muddin suna nan ba a datse ba, ba a haɗa ba, sai in ga kamar aikin nata ne har yanzu, kamar ta sauka hawa na biyu ne za ta dawo ta ƙarasa. Nakan buɗe akwatin in kin fita, in taɓa su, in rufe. Na san in kika tafi da su, ɗakin zai zama ba ke, ba su. Na ji tsoron wannan, har yanzu ma ina ji. Amma sanyin Buffalo ba wasa ba ne, ita kuma ba don ni ta ɗinka ba.

Abu ɗaya nake roƙo. In kina datsewa, siraran ƙyallaye za su riƙa zubowa daga gefe, wasu ba su kai faɗin tsinken ashana ba. Na wancan karon na share su da tsintsiya tare da sharar shago, sai bayan motar shara ta wuce na tuna zanen wa na zubar. Ke kada ki zubar. Ki tattara su, har da zaren, ki sa a ambulan ki aiko mini. Bargon naki ne gaba ɗayansa. Ni abin da reza ta rage ya ishe ni.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiya. Allah Ya kare ki daga sharrin mutum da na hanya da na sanyi. Allah Ya jiƙan mamanki, Ya haskaka makwancinta, Ya ba ki ikon ƙarasa abin da ta fara. Amin.

Ni ne babanki,
Isuhu Tela